Baƙin mai a gidan iya kilina: a cire tiyon birida ko a bar shi?

Direban Gumel:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Corolla ce da ni, ina haya da ita daga Gumel zuwa Kano, ranar Alhamis kuma ina yin Maigatari. Na buɗe gidan iya kilina, wato inda filtar iska take, don in kakkaɓe ƙura, sai na tarar ƙasan gidan ya jiƙe da baƙin mai, gefe ɗaya na filtar ma ya sha. Babban tiyon da ke tafiya wajen totur, ƙofar da iska ke shiga inji, shi ma cikinsa maiƙo ne haɗe da ƙura, ya zama kamar kwaɓi. Motar ba ta hayaƙin a zo a gani, amma silo ɗinta, wato yadda inji ke aiki a tsaye, ya lalace, in na tsaya sauke fasinja sai ta riƙa karkarwa. Wani ya ce mini injin ya gama, sai ringin. Don Allah haka ne?

Oga Bala Ringim:
Wa alaikumus salam. Kada ka bari a tsorata ka. Birida ce, wato hanyar da inji ke fitar da hucin cikinsa, ke turo mai. Ka sa a zare ƙaramin tiyon da ya fito daga murfin saman inji, a ƙara masa tsawo a sake shi ƙasa, a toshe ramin da ya bari a jikin babban tiyo. Shi ke nan, ba za ka sake ganin mai a iya kilina ba. Mun yi wa Golf da Sharon ba adadi, suna nan suna lodi.

Malam Nura Kazaure:
Oga Bala, ina girmama ƙwarewarku, amma a nan ban bi ku ba. Gaskiya ne ba zai sake ganin man a iya kilina ba, sai dai abin da ke turo man yana nan bai tafi ko'ina ba. Direban Gumel, kafin a taɓa komai amsa mini: yaushe aka canza filtar iska? Man juye lita nawa ake zuba maka, kuma kana duba geji bayan an zuba? Sannan tsakanin juye da juye kana ƙara mai?

Direban Gumel:
Malam, filtar ta daɗe, wajen mai faci ake hure mini ita da iska. Juye kuwa galan guda ake juyewa gaba ɗaya, wani lokacin yaron gareji ya ƙara kaɗan wai saboda zafi da doguwar tafiya. Ina ƙari amma ba da yawa ba.

Malam Nura Kazaure:
To madalla, ka riga ka faɗi abu biyu daga cikin abubuwan da nake zargi. Bari in yi bayanin yadda abin yake, don a daina ɗaukar tiyon nan kamar kayan ado.

Babu injin da ringinsa ke rufe silinda ruf, ko sabo ne fil. Duk lokacin da wuta ta tashi a saman fistin, wani ɗan kaso na iskar yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake. Wannan iskar tana ɗauke da tururin ruwa da fetur da bai ƙone ba. In ta taru a ƙasa ba ta da mafita, za ta nemi hanya da ƙarfi, kuma hanyar da take samu ita ce oyil sil da gasket. Shi ya sa aka yi mata hanya. A yawancin motocin fetur tiyo biyu ne. Ɗaya yana da ɗan bawul da ake kira PCV, yana tafiya manifol, bututun da ke raba iska ga silinda, bayan totur, inda inji ke zuƙa, sai a zuƙe wannan iskar a ƙone ta. Ɗayan kuma yana fitowa daga babban tiyon iska, bayan filta, aikinsa ya shigar da iska mai tsabta cikin inji ta maye gurbin wadda aka zuƙe.

Yanzu ga inda matsalar take. In bawul ɗin ya toshe da dattin mai, iskar ba ta da hanyar fita ta can, sai ta juyo ta tiyo na biyu, wanda aka yi don shiga, ta fito da feshin mai ta zuba shi a babban tiyo har gidan iya kilina. Haka kuma in an take totur da lodi, zuƙar manifol tana raguwa, iskar da ke sulalewa kuma tana ƙaruwa, sai rarar ta bi wannan tiyon. Shi ya sa motar haya da ke ɗaukar buhuna da mutane ta fi motar gida nuna wannan alamar.

Oga Bala Ringim:
Malam, duk wannan karatun na yarda da shi. Amma mu da ke ƙarƙashin mota kullum, direba yana zuwa ne ba shi da kuɗi, fasinja na jiransa a tasha. In na sake masa tiyo ƙasa, iskar ta samu mafita, sil bai fashe ba, filogi bai jiƙe ba. Ina laifin?

Baba Alhaji Dambatta:
Bala yana da hujja ta wani gefen. Manyan motocin da muka koyi tuƙi da su, bututu ne kawai a gefen inji yana kallon ƙasa, yana ta huci. Ba mu san wani bawul ba, kuma mun kai kaya har Legas mun dawo.

Malam Nura Kazaure:
Allah ya ƙara girma Baba, haka yake. Da can duk motoci haka suke, iskar tafiya ce ke jan hucin daga bakin bututun. A jihar California ta Amurka aka fara sa wa sababbin motoci PCV da yawa a 1961 saboda gurɓatar iska, cikin 'yan shekaru ya bazu ko'ina. Amma an gano yana da wani amfanin ga injin kansa: tsohon bututun ba ya aiki sai mota na gudu, shi kuwa wannan ko a tsaye yana share tururin ruwa da fetur daga cikin mai, sai man ya daɗe bai yi kauri ya zama laka ba.

Sannan Baba, waccan motar an ƙera ta ne a haka. Wannan ta Direban Gumel kwamfuta ce ke auna iskar da ta shiga ta ba da fetur daidai da ita. Oga Bala, ga laifin da kuka tambaya. In kun saki tiyon shigar iska a buɗe, shi kuma bawul ɗin yana ɗan zuƙa ko da kaɗan ne, to kun buɗe wa ƙura ƙofa kai tsaye zuwa cikin baƙin mai, ba tare da ta bi ta filta ba. Ku tuna hanyoyin da motocin nan ke bi, burji da yashi, ga hunturu tun daga Nuwamba har Fabrairu ƙura ko a kan kwalta. Ƙurar nan in ta shiga mai ita ke cin metal da ringi. Wato wanda bai buƙatar ringin yau, an sa shi a hanyar buƙatarsa. Kuma iskar da ta shiga ta nan sensa bai ƙirga ta ba, sai silo ya ƙara rikicewa.

Oga Bala Ringim:
Ai ni duka biyun nake cirewa in toshe ramin manifol. Babu zuƙa, babu ƙura.

Malam Nura Kazaure:
Hakan ya fi na masu barin ramin manifol a buɗe, na yarda. Amma kun koma tsarin da, ba tare da bututun da aka tsara don haka ba. Babu abin da ke share cikin injin, man zai riƙa lalacewa da wuri, ƙarƙashin mota ya riƙa ɗigar mai, warin kuma yana shigowa wa fasinja. Duk wannan don gudun sayen bawul ɗin da bai kai kuɗin galan ɗin mai ba.

Ɗan Bichi Mai Kayan Gyara:
Ni a Ƙofar Ruwa nake sana'a, kuma maganar Malam Nura gaskiya ce ta fuskar kuɗi. PCV na Corolla ƙaramin abu ne, tsawon ɗan yatsa, a jikin murfin saman inji yake. Mutane ƙalilan ne ke zuwa nemansa, amma masu neman ringi da fistin kullum sai sun zo. Hanyar gwada shi ba wuya: a cire a girgiza kusa da kunne. In ka ji yana ƙara kas-kas, abin cikin yana motsi. In shiru, ya daskare. Sai dai a lura, ba duk mota ke da irin wannan ba. Wasu motocin Jamus nasu faifan roba ne a cikin wani ɗan gida, shi ba ya ƙara in an girgiza, yagewa yake yi, kuma in ya yage sai ka ji inji na fito kamar busa a silo. A duba tiyon kansa ma, zafi yana sa shi ya bushe ya tsage, ko ya yi laushi ya manne in inji ya zuƙa.

Hajiya Mai Shinkafa Kura:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba bakanike ba ce, motoci nake da su da ke kai shinkafa kasuwa, kuma ni ke biyan kuɗin gyara. Abin da nake so ku fayyace mini shi ne, ta yaya mai mota zai gane ringin ake buƙata da gaske? Domin da zarar an ga mai a iya kilina, kalma ɗaya ake faɗa mana, a sauke inji. Mu kuma ba mu da yadda za mu musa.

Oga Bala Ringim:
Hajiya barka da yamma. Mu yadda muke yi, a ta da mota ta yi zafi, a buɗe murfin da ake zuba mai. In yana huci da ƙarfi yana fesa hayaƙi har murfin na tsalle in an ɗora shi, ringi ya tafi. In kuwa ɗan motsi ne kawai, ko ka ji yana ɗan jan tafin hannunka, injin na da sauran rai.

Malam Nura Kazaure:
Wannan gwajin na Oga Bala yana da kyau, ina yin sa ni ma. Sharaɗi ɗaya zan ƙara: a yi shi bayan an tabbatar PCV da tiyonsa a buɗe suke, don toshewarsu ma tana sa murfin ya yi huci, sai a ɗora wa ringi laifin da ba nasa ba.

Hajiya, abin da za ku nema kafin ku yarda a sauke inji shi ne gwajin kamfuresho. Akwai agogon da ake ɗaurawa a ramin filogi, a juya inji a karanta kowane silinda. Ana so su zo kusa da juna. In ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, a ɗiga masa ɗan mai ta ramin filogin a sake gwadawa. Ya tashi, to ringi ne, don man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. Bai tashi ba, a nemi matsalar a bawul ko gasket ɗin top silinda. Ku ce a yi a gaban direbanku, a rubuta lambobin. Bakaniken da ba shi da agogon ya aro.

Sai launin hayaƙi. Shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai, inji na cin baƙin mai. Baƙi, fetur ko gas ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga.

Hajiya Mai Shinkafa Kura:
Allah ya saka da alheri. Na rubuta.

Yaron Gareji Wudil:
Oga-ogannina ina da tambaya. Ni ina koyo ne. Me ya haɗa cika mai da yawa da wannan matsalar? Mu an koya mana gara ya yi yawa da ya yi kaɗan.

Baba Alhaji Dambatta:
Yaro, wanda ya koya maka haka bai kyauta maka ba. Gejin nan alama biyu gare shi, ta ƙasa da ta sama, ba a banza aka zana ta saman ba. In mai ya haura ta, karanshaf yana dukansa yana kaɗa shi har ya yi kumfa. Man da ya yi kumfa ba ya shafa ƙarfe yadda ya kamata, kuma feshinsa ne birida ke kwasa ta kai sama. Galan ba ma'auni ba ne, kowane inji da cikinsa. Ka zuba, ka ta da mota kaɗan filta ta cika, ka kashe, ka jira ya kwanta, ka duba a wuri mai daidai ba gangare ba. Abin da ya rage a galan ka ba mai mota ya ajiye a but.

Malam Nura Kazaure:
Baba ya gama magana a kan wannan. Ni kuma in koma kan filtar iska, don a ƙasarmu ita ce uwar matsalar. In ta toshe da ƙura, inji yana jan iska bai samu ba, sai jan ya koma kan duk wata ƙofa da ke cikin babban tiyo, har da tiyon birida. Kamar mai shan kunu da tsinke ne aka matse bakin, sai ya zuƙo ta inda ya samu. Hurewa da iskar mai faci kuma tana da haɗari, ƙarfinta na iya huda takardar, hudar da ido ba zai gani ba amma ƙura za ta gani. Wanke ta da fetur ya fi muni. A kakkaɓe ta a hankali, a haska tocila ta bayanta, in haske ba ya ratsawa ko an ga ya yi tsini a wuri ɗaya, a canza. Wadda ta riga ta sha mai kuwa ba ta da gyara.

Juye ma kada a ja shi. Ga motar da ke bin ƙura da lodi, kamfanoni da dama kilomita 5,000 suke ba da shawara. Tsohon mai shi ke zama lakar da ke toshe PCV tun farko.

Ɗan Bichi Mai Kayan Gyara:
Kuma a kula da man da ake saya. Akwai na jabu a kasuwa, akwai wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba. Man da ba shi da inganci yana saurin ƙonewa ya zama tururi, tururin kuma birida zai bi. A sayi mai a rufe daga wurin da aka sani, a duba lambar da littafin mota ko murfin mai ya nuna.

Oga Bala Ringim:
A nan kam zan yi gardama. Littafi ya ce 5W-30, amma an rubuta shi ne don sabon inji a ƙasar sanyi. Injin da ya yi shekara ashirin, a zafin Afrilu na Jigawa, in ka zuba masa wannan ruwan sai ya shanye shi. Ni 20W-50 nake zubawa tsofaffin motoci.

Malam Nura Kazaure:
A tsohon Golf ko 504 ba zan yi musu da ku ba, littattafansu ma sun yarda da mai kauri a yanayin zafi. Amma injin da ke da VVT-i yana amfani da matsin mai ta ƙananan hanyoyi don daidaita lokacin juyawar kamshaf, mai kauri sosai yana wahalar da shi, musamman da sanyin asuba. Kuma kauri yana rage shan mai ne kawai, ba ya buɗe bawul ɗin da ya toshe.

Oga Bala Ringim:
To a nan kowa ya riƙe nasa. Amma maganar ƙura ta shiga kaina. Wanda na sake wa tiyo ƙasa zan riƙa gaya masa na wucin gadi ne, ya je ya nemo bawul.

Direban Gumel:
Jama'a na gode ƙwarai. An cire bawul ɗin, ko motsi ba ya yi, cikinsa ya cushe. An sa sabo da sabuwar filta, an rage man ya dawo kan alama. Saura wankin totur. Yaron ya ce zai fesa abin wanke kafireta tun daga bakin tiyo har ciki, na ce ya dakata in tambaya.

Malam Nura Kazaure:
Gara da ka dakatar da shi. A bakin babban tiyon, dab da gidan iya kilina, akwai sensa mai auna iska. Cikinsa 'yar siririyar waya ce da ake ɗumamawa, abin wanke kafireta na iya lalata ta. A kwance shi daban, a fesa masa nasa maganin da aka yi don shi, kada a taɓa wayar da tsumma ko burushi, a bar shi ya bushe kafin a mayar. Babban tiyon a cire shi gaba ɗaya a wanke a waje ya bushe. Totur kuma a fesa a tsumma a goge bakin da gefen faifan. In naka mai waya ne ba komai a buɗe shi da hannu. In na lantarki ne kada a banƙare faifan da ƙarfi, kuma bayan wanki silo na iya hawa na ɗan lokaci kafin kwamfuta ta daidaita.

Bayan wasu kwanaki ka sake buɗewa ka duba. Ɗan danshin mai a bakin tiyon birida ba abin damuwa ba ne a tsohon inji. In ya sake taruwa har yana kwanciya, sai a je ga gwajin kamfuresho.

Sani Hilux Hadejia:
Malam, mu masu gas fa? Tawa mai tabo ce (turbo, na'urar da ke cusa iska cikin inji), ina shiga ƙauyukan fadama da ita. Na ga mai a tiyon da ke zuwa intakula, inda ake sanyaya iskar da tabo ta cuso. Wani ya ce in sa gwangwanin tara mai.

Malam Nura Kazaure:
Malam Sani, naka ya fi buƙatar kulawa. A injin gas birida tana zubawa ne a gaban tabo, don haka ɗan maiƙo a tiyon intakula abu ne da aka saba gani. Abin tsoro shi ne in ya taru da yawa, domin injin gas yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona gas. In tabo ta saki mai sosai, inji na iya ɗaukar gudu da kansa, ka kashe makulli bai mutu ba, hayaƙi ya turnuƙe. In, Allah ya kiyaye, hakan ta faru, a mota mai kulochi a sa babbar giya, a take burki da ƙarfi a saki kulochi ya mutu, ko a toshe masa hanyar iska da abu mai tauri, ba da hannu ba. Don haka ka sa a cire intakula a zubar da abin da ke ciki a ga yawansa, a taɓa sandar tabo a ji ko tana wasa, a duba bututun da ke mayar da mai daga tabo zuwa ƙasa ko ya toshe. Filtar iska da ta cushe ma tana sa tabo ta jawo mai ta sil ɗinta. Kuma in ka dawo daga doguwar tafiya ka bar ta ta yi silo kaɗan kafin ka kashe.

Gwangwanin yana da amfani, ba na hana shi. Ana sa shi a tsakiyar tiyon birida, feshin man ya kwanta a ciki, iskar ta wuce ta koma inda take zuwa da. Ya fi amfani ga masu tabo da sababbin injinan fetur da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, don su fetur ba ya wanke bayan bawul, sai datti ya daskare a wurin. Amma ka sayi mai raga ko shinge a ciki, wanda babu komai cikinsa yawancin feshin wucewa yake yi.

Oga Bala Ringim:
Kuma tiyon da za a haɗa shi da shi ya zama mai jure mai da zafi, faɗinsa kada ya gaza na asali. Na ga wanda aka haɗa da tiyon ruwa na lambu, ya narke ya manne, sil ɗin baya ya fashe. A ɗaure gwangwanin nesa da salansa, inda hannu zai kai.

Sani Hilux Hadejia:
Sau nawa ake zubar da shi?

Oga Bala Ringim:
Da farko ka riƙa dubawa duk mako har ka gane saurin cikarsa, daga nan ka haɗa shi da ranar juye in yana kaiwa. Da sanyi ya fi saurin cika don ruwa na taruwa a ciki. Kada ka bari ya cika, in ya cika inji zai zuƙe shi gaba ɗaya. Abin da ka zubar kuma kada ka mayar cikin inji, ruwa ne da datti, ka haɗa shi da tsohon man juye a gareji, kada a zuba a gona ko kusa da rijiya.